Ka Yanki Tikitin Dawowa Tun Kafin Ka Tashi

Ƙofar Kwaya,
Katsina.

Zuwa ga autana Sadiƙu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokinka da ya sauke ka a Abuja. Ka gaishe shi da iyalinshi, ka ce na gode da ɗawainiya. Allah ya tsare ka a zaune da tafe, a ƙasa da sama, ya sauke ka Ƙatar lafiya, ya haɗa ka da shugabannin aiki masu tausayi.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san bokona bai wuce firamare ba, hannuna kuma ya fara rawa. Na so in faɗa maka a waya, amma da na ji muryarka sai in ce komai lafiya, in sa maka albarka, in kashe. Shi ya sa na rubuta, na ba direban nan na unguwarmu ya kai maka hannu da hannu.

Shekaranjiya ka ce biza ta fito, kamfanin ya yanka maka tikitin tafiya. Ka ce in ka gama watannin gwaji za su ba ka ɗan hutu, amma in kana son zuwa gida a hutun, daga aljihunka ne. Ka ce ka duba, kuɗin babur ɗinka da ka sayar zai isa, sai dai tsadar ta yi yawa, gara ka bari in ka je can ka riƙa dubawa, wataƙila ya sauka. Na ce to. Da na aje wayar na daɗe zaune ban motsa ba, don maganar nan ni na fara yin ta a gidan nan, kuma na ga inda ta kai mu.

Bari in fara da abin da na ɓoye maka. Na ce maka hawan jini ne kawai. Ba shi kaɗai ba ne, Sadiƙu, ƙoda ce. Likita ya ce ta gaji, har ya fara maganar wankin ƙoda. Na tambaye shi saura nawa, ya ce wannan sanin Allah ne, amma in akwai wanda nake son gani kada in bari sai Babbar Salla. Ban gaya maka ba don kada ka fasa tafiya, yanzu ma ban ce ka fasa ba. Na ga shekarun da ka yi kana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, takalminka ya cinye, ba wanda ya dube ka. Ka tafi. Abin da nake nema ɗaya ne: ka yanki tikitin dawowa hutun nan tun kana ƙasar nan, kafin ka taka jirgi.

Ni 'yar kasuwa ce, ko da yake a ɗaka nake kasuwancina. Tun ba a haife ka ba nake saro atamfa da shadda ina sayar ma matan unguwa. Abin da uwata ta koya mani shi ne kada in taɓa saye a farashin farko. Ki taya, ya ce albarka, ki aje kayan ki juya. Kafin ki kai rumfa ta gaba zai kira ki ya ce dawo Hajiya, kawo kuɗin. In bai kira ba, ki koma da yamma lokacin da yake son tashi. Da wannan dabara na yi maku kayan Salla, da ita na biya maku kuɗin makaranta a shekarun da albashin babanku ke makara. Ban taɓa ganin ta ba ni kunya ba, har na ɗauka duk abin da ake saye a duniya haka yake.

Lokacin da ciwon hanta ya fara kwantar da babanku Malam, yayanka yana Malesiya a tsakiyar karatunshi. Ka tuna ya kira ka ya ce ya duba tikiti, abin da ya tara daga alawus ɗinshi ya isa zuwa da komawa, yana so ya zo ya ga babanshi. Da ka faɗa mani kuɗin sai da na dafe ƙirji. Kuɗin da zai sake rufin ɗakunan nan biyu, har a yi siminti a tsakar gida, a ba jirgi shi don zaman kujera? Na ce ka ce mashi ya dakata, ba a saye a farashin farko.

Washegari na sa hijabi na hau Keke Napep na tafi Ƙofar Kaura, shagon Lawal, yaron nan mai yankar ma mutane tikitin Umara. Ban gaya maka na je ba. Ya ba ni kujera, ya juyo mani da kwamfutarshi kamar zan gane abin da ke ciki. Na ce ya haɗa ni da wanda ke da iko a kan farashin, ni zan yi magana da shi da kaina. Yaron ya yi dariya, ya rufe baki don kada in ji haushi.

“Mama, ai babu mutum a ciki. Na'ura ce ke hawa da sauka da shi.”

Na ce kowace na'ura tana da mai ita.

“Mai ita bai san Katsina ba, Mama. Ko ni bai san da ni ba.”

Daga nan ya ce abin ba shi da tabbas, yau ya hau gobe ya sauka, wanda ke da larura gara ya saya ya huta, amma wani lokaci in hutun 'yan makaranta ya wuce yakan ɗan sauka. Allah ya gani, yaron ya faɗi gaskiyarshi duka. Ni ce na bar farkon maganar a shagon, na ɗauko ƙarshenta na kawo gida.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne ya sauka ɗin. Bayan ɗan lokaci yayanka ya kira ya ce ya ragu kaɗan, ya saya? Na ce ka gaya mashi ai ga shi nan, sun fara kiranmu, ya ƙara haƙuri kaɗan za su sauko sosai. Har daɗi na ji a raina, ina ganin na koya ma masu jirgi hankali daga ɗakina. Ana cikin haka dala ta tashi. Alawus ɗin da ake tura mashi daga nan da naira ya narke a hannunshi, tikitin kuma ya hau ya wuce inda ya fara. Muka ce a jira ya dawo inda yake da. Har yau bai dawo ba.

To ka ji ni, Sadiƙu. Ranar da farashi ya yi daidai da abin da ke hannunka, ranar ce ranar saye. Babu wanda zai biyo ka ya ce dawo ka kawo. Mai rumfa yana kiranka ne don yana ganin bayanka, yana tuna cefanen gidanshi, yana jin kunyar ka tafi ka ce ya yi maka rowa. Waɗannan ba su ganin bayan kowa. In ka juya, wani a wata ƙasa ya zauna a kujerar, shi ke nan. In kuma ka saya, kada ka sake buɗe wayar kana duba ko ya sauka. Wataƙila ya sauka, ka ji zafin abin da ka yi asara. Ka bar shi ya yi zafin. Na ɗanɗana zafin asarar kuɗi a kasuwa ba sau ɗaya ba, kwana kaɗan yake yi ya wuce. Wancan ɗayan bai wuce ba, da shi nake kwana da shi nake tashi.

Bayan rasuwar babanku na koma wajen Lawal. Ba abin da zan saya, zama kawai na yi na ce ya koya mani abin da na ƙi ji. Ya ce in azumi ya shigo, musamman goman ƙarshe, da lokacin aikin Hajji, da ƙarshen shekara, jiragen ƙasashen Larabawa cika suke yi, farashi ya yi sama. Wanda ya san ranar tafiyarshi tun da nisa ya fi samun rangwame a kan wanda ya zo a guje. Ya ce mai zuwa a guje shi suka fi so, don ba ya iya cewa a'a. Na ce wato mai mara lafiya a gida da mai gawa su ne kasuwarsu. Ya sunkuyar da kai. Ni dai ban yafe ma duk wanda ya zauna ya tsara haka ba, ko a wace ƙasa yake. Amma rashin yafewata ba ta rage masu ko sisi, don haka kai ka kiyaye kada ka zama mai zuwa a guje. Hutunka zai faɗo kafin azumi. Ka saya yanzu, kafin masu Umara su farka.

Kuskurena na biyu ba ni kaɗai na yi shi ba, ni da Malam muka haɗa hannu, Allah ya gafarta mashi. Mu mutanen nan in an ce ya jiki, da sauƙi muke cewa. Mutum yana numfashi da ƙyar, a tambaye shi, ya ce da sauƙi. Haka muka taso, wanda ya ce jiki ya yi tsanani sai a ga kamar ya kai ƙarar Ubangiji. A cikin unguwa wannan ba ya cutar da kowa, don mai tambayar yana tsaye a kanka, idonshi na gaya mashi abin da bakinka ya ƙi faɗa. Wanda ke bayan teku ba shi da ido a ɗakin. Maganarka kawai gare shi, da ita yake lissafi.

Ka tuna ranar da yayanka ya ce zai kira ta bidiyo. Tun da hantsi Malam ya sa na fiddo mashi babbar rigarshi ta zuwa Juma'a. Na goge ta, muka ɗaga shi ni da kai, muka tokare bayanshi da filo. Na tattara rigar na rufe cikin da ya kumbura. Ya ce a miƙo mashi tabarau don kada a ga idon ya yi rawaya, ya karkata hula. Ni na nuna maka inda za ka tsaya da wayar don kada ƙafafunshi su fito. Da fuskar yayanka ta bayyana, Malam ya riga shi magana.

“A'a, Malam Dakta, wannan kumatu fa? Karatun kake ci ko shinkafar mutane?”

Yayanka ya yi dariya, ya ce, “Baba, ya jiki?”

“Da sauƙi ƙwarai. Innarku ce dai ta hana ni gishiri, da lami za ta ƙarasa ni. Mi za ka zo yi yanzu? Ka gama abin da ya kai ka.”

Suka yi ta raha. Da aka kashe wayar bai iya cire hular da kanshi ba, sai da na cire mashi. Shi kuwa yayanka ya gaya maka daga baya cewa bayan kiran nan ne hankalinshi ya kwanta, ya ce tunda Baba na zaune har yana zolaya, bari ya jira tikiti ya sauko. Mu muka shirya mashi abin da zai gani, ya gani ya gaskata. Iyayenshi ne, don me ba zai gaskata ba?

Saboda haka in ka kira ni daga can, kada ka dogara da amsar ya jiki. Na san kaina. Duk da abin da na rubuta a nan, bakina zai riga ni ya ce da sauƙi. Gwaggonka Rabi za ta baro Kambarawa ta dawo nan ta zauna da ni, amma ita ma kada ka tambaye ta ya jikin Inna, irin amsar za ta ba ka, har da ƙarin alhamdu lillahi. Ka tambaye ta abin da ba ta iya lulluɓewa. A tsaye na yi sallar Asuba ko a zaune? Na cinye kokon ko an mayar da shi? Da ƙafata na je bayi ko riƙe ni aka yi? Rabi ba ta ƙarya in an tsare ta da tambaya irin wannan, sai dai ta yi shiru. In ta yi shiru ka san amsar. In kuma ka kira ta bidiyo ka gan ni da sabon mayafi da kwalli, ka ce a nuna maka ƙafafuna.

Na ukun ya fi mani wuyar rubutawa. Yayanka ɗan fari ne. Ka sani ban taɓa kiran sunanshi ba, a takardar nan ma ba za ka gani ba. Ana yaye shi kakarku ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi a tsakar gida ba ni ke ɗaga shi ba, in ya ci jarrabawa ba ni ke guɗa ba. Haka aka yi mani tarbiyya, kuma an yabe ni a kai. Kai auta na goya ka har ƙafarka na taɓa ƙasa, na yi maka waƙa a gaban kowa. Shi ko kallonshi ban cika yi ba sai in ba mutane. Ba don ban so shi ba. Allah ya san wanda na fi yi ma addu'a a cikin sujada.

Da jikin Malam ya ƙara tsananta, wani abokin yayanka ya zo dubiya, ya koma ya gaya mashi abin da ya gani. Ranar ɗakin cike yake, Rabi na nan, matan maƙwabta na nan. Yayanka ya kira ka ya ce ka ba ni wayar. Bai taɓa neman haka ba. Ka miƙo mani, na karɓa.

“Inna, ki faɗa mani gaskiya. Tikitin ya yi tsada sosai, amma in kin ce in taho, zan san yadda zan yi. In taho?”

Na ji idon matan nan a kaina, ana jira a ji ko ni Binta zan buɗe baki in ce ma ɗan farina ina son ka zo. Maganar tana nan a maƙoshina, Sadiƙu, wallahi tana nan. Na ce, “To, kai ka san hidimarka.” Na miƙa maka wayar.

Bayan an watse Rabi ta ce kai, Binta akwai kunya, irinku sun ƙare. Wata ta ce ai 'yan yanzu sai su fashe da kuka a waya. Na karɓi yabon na aje. Har yanzu yana nan, ban san abin da zan saya da shi ba.

Sauran ka sani, amma bari in rubuta don ka gan shi a jere. Ranar da Malam ya daina gane mutane Rabi ta kira yayanka da kanta ta ce ya taho. Tikitin ya fi ninkin na farko. Abokan karatunshi suka haɗa mashi, ya sayar da kwamfutar da yake rubutun karatunshi da ita. Duk da haka wanda kuɗin ya iya saye shi ne mai dogon zagaye, a sauka wata ƙasa a yini ana jiran wani jirgi. Yana zaune a wancan filin jirgin Malam ya cika, da hantsi. Kai ka kira shi. Ya roƙa a jira shi, liman ya ce ba a aje gawa, kuma gaskiyar liman ce. Bayan Azahar aka kai Malam. Ɗanshi na fari bai ɗauki makara ba, bai tsaya a sahu ba, bai zuba ƙasa ba.

Ya gaya maka wani abu da ka zo ka faɗa mani, ban sani ba ko ka tuna. Ya ce jirgin da ya ɗauko shi a zango na biyu rabinshi babu kowa, har ya miƙe ƙafa a kan kujerun da ke gefenshi. Kujerun da aka ce sun yi tsadar da sai ya rabu da kayan karatunshi, ga su nan fanko suna tafiya a sama. Sun gwammace su kai iska Najeriya da su rage ma yaron da ubanshi ke mutuwa. Duk lokacin da na ji ƙarar jirgi ya wuce ta saman gidan nan, kujerun nan nake gani.

Ya iso ranar addu'ar uku. Daga tasha maƙabarta ya wuce, sannan ya shigo gida da ƙasa a gwiwar wandonshi. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina cikin mata ya ce, Inna ya haƙuri, kamar ɗan maƙwabta. Na ce da godiya. Masu zaman makoki suna ta raɗa, wai boko ya hana shi zuwa, wai an ce ya zo ya tsaya lissafin kuɗi. Ina ji, ban buɗe baki na ce ni ce mai lissafin ba. Wannan ma yana wuyana. Maza suka ce mashi ƙaddara ce. Na yarda ranar Malam rubutacciya ce, ko da jirgin kyauta ne ba za a ƙara mashi numfashi ɗaya ba. Amma tsakanin kiran farko da ranar nan akwai watanni, da yaron ya zauna a gefen ubanshi ya ba shi ruwa a cokali, ya ji wasiyya daga bakinshi. Ba wanda ya tilasta mani in ce a jira.

Ranar da zai koma ya shigo sallama, ba kowa a ɗakin sai ni. Ya tsaya da jaka a kafaɗa, ya ce, “Da kin ce in zo, Inna, ko nawa ne da na biya tun ranar.” Bai ɗaga murya ba. Ya jira kaɗan, ya fita. Tun daga nan yana kira, yana aiko da abin da ya samu, ba ya fashi. Ya ce ya jiki, in ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan ya ce a ba Sadiƙu. Bai san maganar ƙodar nan ba tukuna. Kada ka riga ni. Da bakina zan gaya mashi, ko zan yini ina juya wayar a hannu kafin in danna. Wannan aikina ne, ba naka ba.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne kada ka jira sai an ce maka ka zo. Akwai mutanen da ba za su iya faɗa ba, ba don ba su so ba. In ka ji zuciyarka ta tsinke a kan wani naka, kada ka nemi izini, ka kama hanya. In ka yi aure ka haihu, ka bar matarka ta kira ɗanta da sunanshi, ta rungume shi a gaban kowa. Masu yabon kunya ba sa nan ranar da za a biya kuɗinta.

Yanzu ga 'yan abubuwan da na tsinta, ka haɗa da naka sanin, ka fi ni karatu. Kada ka sayi mafi arha don arharshi kawai. Lawal ya ce akwai wanda in ka saya ba a canza rana, in ka fasa kuɗin ya tafi. Ka ƙara abin da za ka ƙara ka sayi wanda ake iya matso da ranarshi, don kamfani na iya juya maka hutu, jikina kuma na iya juyawa. Ka duba wanda ba ya dogon zama a hanya. Ka nemi mai sauka Kano da safe, ka shigo mota ka iso Katsina da rana tsaka, ban son ka a kan hanya bayan Magariba a wannan zamani. Kada ka dogara da ƙaramin jirgin da zai kawo ka nan daga Abuja, mun sha jin an ɗage shi mutane na zaune da kayansu.

In ka fara ɗaukar albashi, ka ware kuɗin tikiti guda ka aje a can, da kuɗin can. Kada ka canza shi zuwa naira, ka ga yadda ta yi ma yayanka. Wannan kuɗi ba na kowa ba ne. 'Yan uwa za su kira ka, don duk wanda ya hau jirgi a wurinsu ya zama Alhaji. Wannan zai ce haihuwa, wancan zai ce jari, wani zai ce rufin ɗakin Innarka na yoyo. Yana yoyo ɗin, na sa roba a wajen, ta ishe ni. Ka taimaka da abin da ya sawwaƙa daga sauran, amma wancan kada ka taɓa. Ko ni na kira na ce ka turo shi a yi wankin ƙoda, ka tambayi yayanka tukuna ku san yadda za ku yi. Gara a rage mani wanki ɗaya da a rage mani ganinka.

Na san abin da za ka ce. Kuɗin babur ɗin nan shi ne duk abin da ka mallaka, kana so ka sauka baƙuwar ƙasa da ɗan abu a aljihu. Gaskiya ne, kuma ban ji daɗin raba ka da shi ba. Na sa Rabi ta sayar da sauran atamfofin da ke cikin akwati, abin da aka samu yana cikin ambulan ɗin nan, ka riƙe na abinci kafin albashin farko. Ba yawa. Kada ka mayar mani da shi, kasuwancin na gama.

Saura magana biyu, ka karanta su a natse.

In ka sayi tikitin, Allah ya yi ikonshi kafin ranar, kada ka zubar da kuɗi kana neman jirgin gobe. Ba za ka tarar da ni ba, kafin ka kai filin jirgi an kai ni, kuma ban yarda a jinkirta ni don kowa ba. Ka yi mani salla a inda kake, ka zo a ranar da ka riga ka yanka, ka je ka tsaya a kaina ka yi addu'a. Ba laifinka a ciki, na rubuta da hannuna don kada wani ya ɗora maka, kada kai ma ka ɗora ma kanka.

In kuma ka zo ka tarar da ni garau ina shara a tsakar gida, likita ya yi kuskure, abokanka kuma suka ce da ka jira da ka samu a rabin kuɗin, to ka ji haushina. Ka zauna a kan tabarmar nan ka yi mani mita, ka ce Inna kin sa na yi asara, in zuba maka tuwo kana ci kana ƙorafi. Ban san abin da nake so a duniya yanzu kamar in ji wannan mitar ba.

Ina son ganinka, Sadiƙu. Ka dawo. Ga shi na faɗa, ba ta bakin kowa ba. In takardar nan ta iso, kada ka kira ka ce mani za ka duba. Ka je ka yanka, sannan ka kira ka faɗa mani rana.

Allah ya yi maka albarka. Ya tsare gabanka da bayanka, ya riƙe jirgin da za ka hau har ya aje ka, ya kare ka daga mugun aboki da mugun shugaba. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci halal ko kaɗan ne. Allah ya jiƙan babanku, ya haskaka kabarinshi, ya sanyaya zuciyar yayanka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mani. Gwaggonka na gaishe ka.

Wassalam.

Innarka,
Binta.